Kallo ta intanet yana ta tsayawa da dare: laifin akwati ne ko na sabis?

Baban Khadija, Badariya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin masana. Ina da talabijin a falo da ƙaramin akwatin Android da nake kama tashoshi da shi ta intanet, sai MiFi da ke ba shi data. Da safe zuwa hantsi lafiya lau, hoto tas. Amma da an fito sallar magariba sai ya fara: ana cikin kallo hoto ya daskare, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa a tsakiya. Ranar ƙwallo abin ya fi muni. Yara sun ce akwatin ne ya gaji, a sayi sabo. Kafin in kai kuɗina kasuwa nake son jin ta bakinku.

Mai Shagon Waya, Jega: Wa alaikumus salam. Alhaji, ina ganin yaran sun yi gaskiya. Ƙananan akwatunan nan masu araha da yawansu abin da aka rubuta a kwali daban, abin da ke ciki daban. Za ka ga an buga ƙwaƙwalwa mai yawa, in ka duba sai ka tarar 1GB ce. Ka canza ka huta.

Injiniya, Gesse: Malam na Jega, maganarka kan kwali gaskiya ce, ni ma na sha gani. Amma a nan a dakata tukuna. Akwati bai san magariba ba. Da shi ne mai laifin, da hantsi ma sai ya tsaya. Abin da ke canzawa tsakanin hantsi da dare shi ne yawan mutanen da ke kan sabis. Alhaji kada ka sayi komai sai ka yi gwaji, kuma gwajin kyauta ne.

Ka haɗa wayarka da MiFi ɗin, ka tsaya daidai inda akwatin yake, ka buɗe fast.com, shafin da ke auna gudun intanet. Lamba za ta fito, ka rubuta ta. Ka yi da hantsi, ka sake yi bayan isha'i lokacin da abin ke tsayawa. Sannan a daidai lokacin da tashar ta maƙale, ka fita daga manhajar ka buɗe YouTube a kan akwatin nan dai, ka ga ko shi ma zai tsaya. Ka kawo mana sakamakon.

Baban Khadija, Badariya: To Injiniya, na gode. Amma lambar nawa ce ta isa? Don in san abin da nake dubawa.

Injiniya, Gesse: Ya danganta da kyan hoton da kake so. YouTube sun ce hoto mai 480p yana son kusan 1.1 Mbps (ma'aunin gudun intanet ke nan, shi fast.com ke nunawa), mai 720p yana son 2.5, mai 1080p yana son 5, mai 4K kuma 20. Netflix sun ce 3 ga 720p, 5 ga 1080p, 15 ga 4K. Kuma fa wannan na'ura ɗaya ke nan. In wayoyin gida suna kan MiFi ɗin, da su ake raba lambar.

Ga yadda abin yake. Akwatin yana da 'yar randa a cikinsa. Intanet na zuba mata hoto, talabijin na ɗiba yana nuna maka. Muddin zubi ya fi ɗiba yawa, ba za ka ga komai ba. In zubi ya ragu, randa ta ƙafe, dole a tsaya a jira ta taru. Jiran nan shi ne zoben da kake gani. Fim ɗin da aka riga aka ɗora, akwati na iya tara na gaba da yawa ya ajiye. Amma ƙwallon da ake bugawa yanzu ba a iya tara abin da bai faru ba, shi ya sa ɗan tangarɗa kaɗan ke tsayar da shi.

Dattijon Argungu: Ni ma wanga abu shi ka damuna, ɗiyana. Amma ni sabis ɗina cike shi ke, layukan duka sun tashi, ga 4G rubuce. To mi ka hana shi tafiya?

Injiniya, Gesse: Baba, Allah ya ƙara girma. Layukan nan abin da suke faɗa maka shi ne kana jin ƙarfen sabis da kyau. Ba su faɗin mutum nawa ke kan ƙarfen tare da kai. Ƙarfe ɗaya ne unguwa duka ke rabawa. Da dare kowa ya dawo gida, wannan na TikTok, wancan na kiran bidiyo, sai rabon kowa ya ƙanƙance alhali layukan na nan a cike.

Dattijon Argungu: To wanga ba ya da magani ke nan?

Injiniya, Gesse: Yana da sauƙi dai, Baba. Na farko a rage kyan hoto daga 1080 zuwa 720 ko 480, a talabijin madaidaici bambancin ba ya hana jin daɗin kallo. Na biyu a gwada sim ɗin wani kamfani. Babu layin da ya fi kowa a ko'ina. Wanda ke gudu a Gesse yana iya rarrafe a Argungu, har a unguwa ɗaya ma gida da gida sukan bambanta. Ka aro sim wurin maƙwabci ka gwada da dare kafin ka sayi data mai yawa.

Mai Gidan Kallo, Zuru: Bari in sa baki, don wannan sana'ata ce. Alhaji, wata tambaya da ba a yi maka ba: tashoshin nan wurin wa kake biya? Manhajar kamfani ce sananniya, ko irin wadda wani ke turo maka suna da lambar sirri ta WhatsApp, ya ce tashoshi dubbai a kuɗi kaɗan?

Baban Khadija, Badariya: Ta biyun ce. Wani yaro ne ya saka min, duk wata nake tura masa.

Mai Gidan Kallo, Zuru: To a nan nake zargi. Irin waɗannan, babbar kwamfutar da ke turo hoton tana can wata ƙasa, kuma sukan sayar wa mutane fiye da abin da za ta iya ɗauka. Ranar da babu wasa mai zafi lafiya lau. Ranar da manyan ƙungiyoyin Ingila ko Sifen suka haɗu, kowa ya afka lokaci ɗaya, sai ta durƙushe. Ko intanet ɗinka ya kai 50 ba zai amfane ka ba, don daga can ne hoton bai taso ba. Ni a gidan kallona ranar babban wasa dish nake kunnawa, intanet na ajiye shi ne don ko hadari ya taso. Akwai kuma jinkiri. Na intanet yana bayan na dish, wani lokaci har kusan minti guda. Sai ka ji gidan kallon bayan layi sun ɗau ihu, ku kuma ɗan wasa bai ma karɓi ƙwallon ba. Mai biyan kuɗin shiga ba ya yafe wannan.

Injiniya, Gesse: Madalla da wannan. Dalilin da ya sa na ce a buɗe YouTube ke nan. In YouTube na tafiya a 720 tashar kuma na tsayawa, laifin na mai sayar da tashar ne. In duka biyun na tsayawa, a koma kan sabis ko waifai ɗin gida. Akwai wani bambanci kuma. YouTube da Netflix in sun ga intanet ya yi sanyi su da kansu suke rage kyan hoto don kada ya tsaya. Tashoshin bayan fage da yawa nauyi ɗaya suke turowa, ko ka iya ɗauka ko ka tsaya.

Malamin Makaranta, Yauri: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni abin da ke damuna da waɗannan tashoshin ya wuce tsayawa. Masu su ba su da izinin nuna abin da suke sayarwa, haƙƙin wasu ne. Kuma ranar da aka rufe su kuɗinka ya tafi, ba ofishin da za ka je. Sannan cikin dubban tashoshin nan akwai waɗanda bai kamata yaro ya gani ba, ga rimot a hannun yara. Alhaji, ko ba ka bar su ba, ka sa lambar kulle.

Mai Shagon Waya, Jega: Malam, gaskiya ka faɗa, amma a duba aljihun mutane. Kuɗin tashoshin halal ɗin kullum hawa yake, ga data ita ma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a watan Janairun 2025 ba ta dawo daidai ba. Talaka ƙwallo kawai yake son gani.

Malamin Makaranta, Yauri: Na san da haka, ni ma albashi nake jira. Amma a haɗa lissafin duka. Injiniya, wasa ɗaya data nawa yake ci?

Injiniya, Gesse: Lissafin mai sauƙi ne. Ana raba Mbps gida 8 a sami megabait a daƙiƙa. Hoto mai 5 Mbps yana cin kusan 2.25GB a awa. Wasa da hutun rabin lokaci kusan awa biyu ne, 4.5GB ke nan. In ka sauko 720p mai 2.5 Mbps, kusan 2.2GB. A 480p kusan 1GB.

Malamin Makaranta, Yauri: To kun gani. Mai kallon wasa biyu ko uku a mako, in ya haɗa kuɗin data da na yaron da ke sayar masa, ban tabbata ya tsira da komai ba. Ni ra'ayina, wanda ƙwallo ne kawai damuwarsa ya zauna a dish ko ya je gidan kallo.

Maman Ilham, Gusau: Assalamu alaikum. Ni ba ƙwallo nake kallo ba, karatun yara ne da tafsiri da shirye-shiryen Hausa a YouTube, amma matsalar ɗaya ce. Abin da ya taimake ni shi ne saukewa. Tun watan Satumban 2021 da aka rufe sabis a nan Zamfara saboda matsalar tsaro, muka zauna ba kira ba intanet, na koyi cewa abin da ke cikin waya shi ne naka. Yanzu da asuba, lokacin da sabis ke da ƙarfi, nake sauke abin da za a kalla da dare. YouTube na bari a sauke wasu bidiyon, Netflix ma haka a waya. Ba zobe, ba tsayawa.

Tambayata ita ce, ni da wayata nake ba talabijin intanet. In aka kira ni sai kallo ya tsaya. Me ke kawo haka?

Injiniya, Gesse: Wa alaikumus salam Hajiya. Dabarar saukewa ta fi duk abin da muka faɗa ga wanda ba kai tsaye yake kallo ba. Maganar kira kuwa, wayoyi da yawa in kira ya shigo sukan sauka daga 4G zuwa 3G ko 2G don su ɗauki murya, sai data ta yanke ko ta yi rauni. Ki duba saitin sim ko akwai VoLTE, in akwai kuma layinki na goyon baya ki kunna, kira zai bi ta 4G. In babu, sai a ware wa talabijin tsohuwar waya ko MiFi.

Ɗan Kasuwa, Kamba: Duk wannan wahala ce. Ku sayi Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, ku huta. Tun Janairun 2023 ya shigo Najeriya, mu ne ma ƙasar farko a Afirka. Ba ruwansa da ƙarfen sabis, daga sama yake ɗaukowa.

Mai Gidan Kallo, Zuru: Alhaji na Kamba, ba kowa ke da ƙarfinka ba. Kuɗin na'urar daban, na wata daban, sannan wuta yake so ba yankewa. In an ɗauke wuta sai da sola ko janareto.

Injiniya, Gesse: Yana da kyau ga wanda ke ƙauyen da sabis bai kai ba, ko makaranta, ko maƙwabtan da za su haɗa kuɗi. Amma a sani, yana son sararin sama ba bishiya ba gini, ruwan sama mai ƙarfi yana taɓa shi, kuma in matsalar Alhaji daga mai sayar da tashoshi ce, Starlink ba zai gyara ta ba. Sai ya kashe kuɗi mai yawa ya dawo yana kallon zoben nan.

Baban Khadija, Badariya: Jama'a na dawo da sakamako. Da hantsi fast.com ya ba ni 14. Bayan isha'i ya ba ni 2, wani lokaci ƙasa da haka. YouTube ya yi tafiya amma hoton ya dushe, da na duba sai na ga ya sauka 480. Tashar ƙwallo kuwa tsayawa take ta yi.

Injiniya, Gesse: Alhamdu lillahi, yanzu muna magana da hujja. Akwatinka lafiyarsa ƙalau tunda ya ɗauki YouTube. Intanet ɗin ne ke faɗuwa da dare, tashar kuma ba ta iya rage nauyi. Saura mu gane 2 ɗin nan daga ƙarfen sabis ne ko daga cikin gida. A ina MiFi ɗin yake zaune? Kuma waya nawa ke kansa?

Baban Khadija, Badariya: Yana bayan talabijin, cikin durowar kabet, don kada yara su taɓa. Wayoyi kuwa duk gidan sun san lambar sirrin.

Injiniya, Gesse: To Alhaji ga aiki. Bayan talabijin cikin durowa shi ne wuri mafi muni. Bangon siminti da rufin kwano sun riga sun rage sabis, ga katako, ga zafi. A watan Maris da Afrilu nan Birnin Kebbi zafi na wuce digiri 40, na'ura in ta yi zafi da kanta take rage gudu. Ka fito da shi, ka ɗora a sama kusa da taga, ɓangaren da ke fuskantar ƙarfen sabis, inda rana ba ta dukansa. Ka gwada taga biyu ko uku kana auna fast.com.

Sannan ka duba jikin MiFi ɗin ko ƙarƙashin batir, akwai adireshin shiga saitinsa, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.8.1 ko 192.168.1.1. Ka shiga ka ga jerin waɗanda ke kai. Wayoyi in sun ga waifai sai su ɗauka kyauta ce, su fara sabunta manhajoji a Play Store, su fara tura hotuna Google Photos, ba wanda ya umarce su. Tura bidiyo sama yana shaƙe layin fiye da yadda mutane ke zato. Ka canza lambar sirrin, lokacin wasa akwati kaɗai ya hau. A cikin saitin kuma ka kulle shi a 4G kaɗai, don kada ya riƙa tsalle tsakanin 4G da 3G.

Dattijon Argungu: Tawa na'ura babba ta, mai eriya biyu. Sunaye biyu ta ka nunawa, guda an rubuta 5G a ƙarshe. Ashe muna da 5G nan Argungu?

Injiniya, Gesse: Baba, wancan yawanci 5GHz ne na waifai, tsakanin na'urarka da talabijin, ba 5G na kamfanin waya ba. MTN ta fara 5G a Satumban 2022, Airtel ta biyo a 2023, kuma daga manyan birane aka fara. Amma sunan nan na biyu yana da amfani. 5GHz ya fi sauri kuma cunkoso ya yi masa kaɗan, sai dai ba ya ratsa bango sosai. 2.4GHz ya fi nisa amma ya fi cunkoso. In talabijin da na'urar ɗaki ɗaya suke, ka hau mai 5. In akwai bango tsakani, ka zauna a ɗayan. Wanda ya fi duka, tunda taka babba ce tana da ramin kebul a baya, ka sayi kebul ɗin intanet ka haɗa ta da talabijin kai tsaye. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma ya raba ka da matsalar waifai gaba ɗaya.

Mai Shagon Waya, Jega: Ni kwastomomina VPN nake saka musu, manhajar da ke bi da data ta wata hanya, ko in canza musu DNS, saitin da ke nemo adireshin shafi, zuwa 8.8.8.8, kuma wasu suna cewa ya gyaru.

Injiniya, Gesse: DNS yana taimakawa in manhaja ta ƙi buɗewa ko tana daɗewa kafin ta nemo tasha. 8.8.8.8 na Google ne, 1.1.1.1 na Cloudflare, ba laifi a gwada. Amma da hoto ya fara tafiya aikinsa ya ƙare, ba ya ƙara gudu. VPN kuwa hanya yake ƙara wa data, na kyauta kuma cike suke da jama'a, galibi rage gudu suke yi.

Mai Shagon Waya, Jega: Ban yarda gaba ɗaya ba, Injiniya. Na ga inda tasha ta ƙi tafiya, aka kunna VPN ta tafi.

Injiniya, Gesse: Yana faruwa, in hanyar da layinka ke bi zuwa wurin ce ta cushe ko an toshe ta. Shi ya sa na ce galibi. A gwada da shi, a gwada ba shi, a ɗauki wanda ya fi. Abin da ba na so shi ne a bar shi kunne kullum an manta.

Inda akwati ke da laifi na gaske ma mu faɗa, don maganarka ta farko tana da wurinta. In rimot na jinkirin amsawa, ko murya ta riga hoto, ko hoto na kakkatsewa ba tare da zoben ya fito ba, ko dare ko rana, to na'urar ce. A goge manhajojin da ba a amfani da su, a share tarkacen da manhaja ta tara, a cire shi daga wuta na ɗan lokaci a mayar. A duba kwanan wata da agogo, don in sun karkace bayan ɗauke wuta wasu manhajoji ba sa buɗewa sam.

Mai Gidan Kallo, Zuru: A ƙara da wannan: wata rana ba gidanka ba ne, ba ƙarfen unguwa ba ne. Ku tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka tsaya. Haka masu aikin hanya kan tsinke wayar da aka binne, gari guda ya rasa sabis. Kafin ka fara kwance kayanka, tambayi maƙwabci ko nasa na yi.

Maman Ilham, Gusau: Kuma a duba data kanta. Na taɓa sayen wadda aka ce ba ta da iyaka, ashe in ka kai wani adadi sai a rage maka gudu har ƙarshen wata. Ana danna *323# a ga abin da ya saura. In an ci kuɗinka ba aiki, ka kira 300 ka yi ƙorafi wurin kamfanin, in ba su saurare ka ba akwai 622 na NCC, kyauta ne.

Ɗan Kasuwa, Kamba: Mu nan bakin iyaka akwai wata kuma. Waya kan kama sabis ɗin Nijar da kanta, data ta tsaya ko kati ya zube.

Injiniya, Gesse: Alhaji, ka shiga saitin sim, wurin zaɓen kamfani, ka cire shi daga zaɓi da kansa ka zaɓi naka da hannu, sannan ka kashe datar yawo ƙasashen waje. MiFi ma yana da wannan saitin a shafinsa.

Maman Ilham, Gusau: Injiniya, tunda ka ce a ware MiFi, akwai wani tsoho a gidan. Na ɗauko shi yanzu sai na ga murfin bayansa ya ɗago, batirin ya kumbura. Zan iya barin shi a caji in yi amfani da shi haka?

Injiniya, Gesse: A'a Hajiya, don Allah kada ki saka shi a wuta. Batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, balle da zafin nan. Ki cire shi a hankali, kada a matsa shi ko a huda shi, ki ajiye nesa da yara da murhu. Ki tafi da na'urar wurin masu gyaran waya su duba lambar da ke jikin batirin su ba ki irinsa. In kin samu, kada ya riƙa kwana a caji, kuma ki turo mana abin da fast.com ya nuna da dare mu ga ko layin da ke ciki zai ɗauki talabijin.